Irin albasar da Yaya Sahabi ya bar mini

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sahabi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Sai da na ƙirga da yatsu har sau biyu kafin in rubuta, domin ni a zuciyata abin bai fi shekara biyar ba. Gonar iri ce ta tabbatar mini da lissafin. Sau goma sha biyu albasa tana fure a fadamarmu ta bayan Wurno ba ya tsaye a bakin fangali, kuma ga shi mun sake dasa ta a makon jiya, daidai farkon sanyi, lokacin da ya bar mu.

Na san yawancin masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin sunansa ba. Bai riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa zaɓe ba, ko limancin masallacin unguwa bai taɓa yi ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Ni ne auta, ni aka kai boko, daga nan na bi motocin albasa zuwa kurmi na yi shekaru a can, sannan na dawo na buɗe shago a Achida ina sayar da takin zamani da maganin ƙwari da injin feshi. Shi kuwa bai taɓa barin fadama ba sai da ya je Makka, can ma ya dawo yana ba mu labarin albasar da ya gani a kasuwarsu, wai ruwa ya yi mata yawa.

Abin da aka san shi da shi iri ne. Manoman albasa daga Dinawa zuwa Tursa har wajen Goronyo sun san irin gidanmu, wanda ya gada daga mahaifinmu. Albasa ce ja wur, mai tauri, mai siririn wuya, ba ta da girman da zai burge baƙo. Amma ka zuba ta a rudu, wato rumbun karan nan da ake ɗagawa bisa itatuwa don iska ta ratsa, ta ci damina sukutum ba ta ruɓe ba. Ba ta da shan ruwa da yawa, kuma takin dabbobi ya ishe ta. Wanda ya shuka ta ba ya zubar da rabin wahalarsa a juji cikin damina yana toshe hanci.

Sai dai irin albasa ba gero ba ne da za ka ɗaure a rumbu ka manta. Ka ajiye shi shekara ɗaya ya fara rauni, ka kai biyu ka shuka ka yi ta jiran abin da ba zai fito ba. Dole kowace shekara a sabunta shi. A girbin bazara za a zaɓi albasar da ta fi kowace lafiya a ajiye, a yi ta lallaɓa ta har damina ta wuce. Farkon sanyi a yanke mata kai a sake dasa ta, ta fid da dogayen kara, kowane kara ya ɗauki dunƙulen farin fure a ka. Cikin furen nan baƙin iri yake fitowa. In aka rasa irin shekara, aka kuma rasa albasar da za a mayar ƙasa, to an rabu da shi ke nan har abada. Wannan shi ne abin da Yaya ya bar mini, ni da ban taɓa nemansa ba.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ta sa aka daɗe ana yi masa dariya a Wurno. Da zarar furen ya fara buɗewa, sai ya tafi wurin wani mahauci abokinsa mai suna Ɗanjumma, ya karɓo jini da dattin tumbi da duk abin da mahauta ke zubarwa. Ya rarraba cikin fasassun kasake, ya jera su tsakanin fangaloli. Kwana biyu kawai, gonar ta ɗauki wari, ƙudaje kuma su taru baƙi ƙirin, ga ƙudan zuma daga amyoyi biyu da ya ɗora bisa wata tsamiya a gefen gona. Mai wucewa ta hanyar sai ya kama hanci ya ƙara sauri. Masu barkwanci suka sa masa suna Sarkin Ƙudaje, yana amsawa har da ɗaga hannu. Kuma daga ranar da fure ya buɗe har ya rufe, ba wanda ya isa ya shiga gonar da injin feshi. Kafin fure yakan yayyafa toka da ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa, amma da fure ya buɗe ko wannan ba ya yi.

Ni abin yana ba ni kunya, ba zan ɓoye ba. Ga ni da shago cike da magani, ga yayana yana kiwon ƙuda. Duk Juma'a in na zo gida sai mun yi musu. Nakan ce masa zamani ya wuce nan, yakan bar ni in gama bayanina kaf, har da karanta masa abin da aka rubuta a jikin kwalba. Wata rana dai da na matsa masa ya ce:

"Kai ka iya saida magani, amma ba ka san wa ka yi muna aikin ba. Waɗanga ƙudaje su na ma'aikatana, su ka ɗaukar garin hure daga wanga kai su kai ma wancan. In ka kashe su, kai za ka bi kai dubu da yatsa?"

Na yi dariya, na ce tsufa ya fara taɓa Yaya. A lokacin bai ma kai shekarun da nake da su yanzu ba.

Kwanakin baya ina zaune a shago rediyo na kunne, na ji wasu masana suna tattauna yadda za a ciyar da mutanen duniya ba tare da an kashe ƙasar da ke ciyar da su ba. Sun yi maganar takin da ya yi yawa har yana gajiyar da gona, da ruwan da ake ɓarnatarwa, da abincin da ke ruɓewa kafin ya kai baki, da ƙwarin da ke yi wa fure hidima waɗanda feshi ke kashewa. Na ji maganar tasu ta yi ma'ana ƙwarai, kuma na ji haushi kaɗan. Duk abin da suka jera, mutumin da bai iya rubuta sunansa da boko ba ya gaya mini shi a bakin fangali, ni kuma na tsaya ina karanta masa kwalba. Da yana raye ya ji shirin, na san abin da zai yi. Ba zai ce ai na gaya maka ba, ba halinsa ba ne. Zai tambaya ne ko masanan nan suna da gona, in suna da ita ya aika musu da gwangwani ɗaya na irinsa su gwada.

Ciwon ajalinsa bai kai mako biyu ba. Ya riga ya dasa albasar iri da hannunsa, ta fara tsiro, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar da na ga jikin ya yi nauyi na rufe shago na zauna wurinsa. Bayan la'asar ya ɗan samu sauƙi, ya yi mini wasiyya a kan matarsa Hassi da 'ya'yansa mata huɗu, waɗanda duk suna gidajen aurensu. Sannan ya kama hannuna ya ce:

"Bello, in sunka buɗe hure, ka tai wurin Ɗanjumma shi ba ka abin kasake. Kuma kar ka bar kowa shi shiga da inji, ko kai na."

Na ce to. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kwana uku bayan nan muka kai shi makwancinsa.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Da furen ya fara buɗewa na je wurin Ɗanjumma, na cika alkawari na rana ɗaya. Na jera kasaken, na dawo gida na yi wanka sau biyu warin bai bar hancina ba. Da na koma bayan kwana uku sai na duba ganyen da kyau, na ga ƙananan ƙwarin nan da ke sa ganyen albasa ya yi fari-fari. Ba su da yawa, amma idon mai shago ya gan su. Na tsaya na yi shawara da zuciyata, ta kuwa ba ni shawarar da nake so. Na ce Yaya mutumin kirki ne amma na da ne, amanar da ya ba ni ita ce iri ya yi kyau, ba wai in yi kiwon ƙuda ba. Na kwashe kasaken na kifar a bayan gona. Washegari da hantsi, lokacin da gonar ke ta amo da kukan ƙudan zuma, na goya inji na bi fangali-fangali na feshe ta tas da mafi ƙarfin maganin da ke shagona.

Kashegari na tarar da gonar tsit. Na tuna har daɗi na ji, na ce yau dai gonar gidanmu ta zama ta mutane. Na sake feshi sau biyu kafin furen ya rufe. Amyoyin nan biyu kuwa ban ko ɗaga kai na dube su ba, sai daga baya wani mai zuma da ke duba su ya ce mini ya hau ya tarar ba kowa a ciki.

Kuskure na biyu ya zo da bazara. Muka cire albasar ci, wadda Yaya ya shuka da irin bara, ta yi kyau ƙwarai. Dillalai suka zo da mota har bakin gona. Na dubi rudun Yaya ya tsufa yana neman gyara, na dubi kawunan iri da muka yanko muka shanya, tuli guda. Na ce ga iri kamar ƙasa, bana ba sai na wahalar da kaina da ajiya ba, badi na zaɓa daga sabuwar shuka. Na ce a loda duka.

Ana cikin cika buhuna sai ga saƙo daga Hassi, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, wai a kai mata buhu uku gida za ta zaɓi albasar miya. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanen miji tun da daɗewa, Maishago take ce mini har yau. Na kai mata, ta zazzage su a tsakar gida, ta zauna tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana juyawa, ta yi rabin yini kafin ta cika kwando ɗaya, ta ce a mayar da sauran. Na tsokane ta na ce wannan miya ta sarakuna ce, ta ce ai ba a gayyace ni ba. Mota ta tashi da yamma, na koma Achida ina jin kaina manomi.

Bayan mako biyu kawunan suka bushe, muka zauna sussuka. Na ɗauki kai ɗaya na murza a tafin hannu na hura, ban ga komai ba sai ƙaiƙayi. Na ɗauki wani, haka. Mata suka daka suka sheƙe, abin da ya rage a faifai bai cika tafin hannu ba, shi ma duk a motse, da aka zuba a ruwa sai ya taso sama. Na tuna ina tsugune gaban faifan nan gumi na zubo mini. Abin da mahaifinmu ya riƙe, Yaya ya riƙe shekara talatin da wani abu, ni na kashe shi cikin wata biyar.

Da mutane suka fara zuwa neman iri kamar yadda suka saba, na ce musu zafi ne ya sauko da wuri ya ƙone furen. Haka na gaya wa Hassi ma. Ta dube ni ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Na hau babur na bi waɗanda suka shuka irin Yaya a shekarar, ko zan samu albasar da zan mayar ƙasa. A Dinawa na tarar sun sayar. A Tursa wani dattijo ya buɗe mini rudunsa, amma ya riga ya gauraya ta da wadda ya shuka da irin gwangwani na kanti, kuma shi kansa bai iya rantsewa wacce ce wacce ba. Na dawo hannu rabbana. Daminar nan ban ji daɗin komai ba, ko tuwo na sa a baki sai in ji kamar ba gishiri. Makabartar da Yaya yake kuwa na daina bi ta hanyarta.

Ruwa ya ɗauke, sanyi ya fara shigowa, maƙwabta suna ta gyaran fangaloli ni ina zaune a shago. Sai Hassi ta aiko a kira ni. Na same ta a ƙofar wani ɗakin da ba a kwana a ciki, ta ɗaga asabari ta ce:

"Maishago, shiga ka kwashe albasar miyan nan, ta tsare min ɗaki."

Na shiga na ga ta shimfiɗa rairayi a ƙasa, ta jera su ɗaya bayan ɗaya ba mai taɓa wata, ta bar taga a buɗe. Ko ɗaya ba ta dafa ba. Kaɗan suka lalace, sauran suna nan jajaye da taurinsu, wasu har sun fara turo kore. Na durƙusa a wurin. Ni mutum ne mai baki, duk Achida an sani, amma ran nan hawaye ne suka zubo mini a gaban matar yayana, ita kuwa ta juya ta shiga madafa ta bar ni da su.

Kwandon nan fangali huɗu ya ba ni. Ban taɓa yi wa wani abu hidima a duniya kamar yadda na yi wa fangalolin nan huɗu ba. Da furen ya buɗe na je wurin Ɗanjumma, ya dube ni sama da ƙasa da farar rigata, ya ce ashe sarauta ba ta bar gida ba. Na ɗaure bokitin jini da dattin tumbi a bayan babur na ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, ƙudaje na bina, mutane na darewa. Na roƙi mai zuma ya sake ɗora amya. Abin da ya fi wuya shi ne zuwa wurin maƙwabtan gona, waɗanda ni ne ke sayar musu da magani, ina roƙonsu su ɗaga mini ƙafa da feshi na mako uku, in kuwa ya zama dole to su bari sai rana ta yi sanyi ƙudan zuma sun koma. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko na fara sayar da goro ne na bar magani.

Ranar sussuka na murza kai ɗaya na hura, baƙin iri ya zauna a tafina, mai nauyi. Gwangwanin madara biyu muka samu gaba ɗaya. Sai da aka ƙara shekara uku kafin in iya ba wani manomi ko cokali ɗaya, kuma wasu da suka saba zuwa sun gaji da jira sun koma wani wuri. Ban ga laifinsu ba.

In Yaya zai leƙo fadamar yau, akwai abin da zai ba shi mamaki. Ya bar mu muna fama da injin ban ruwa mai shan fetur, shi da ya fara da jigo. Yanzu faifan sola ne ke jawo ruwa a gonaki da dama, ba ƙara ba hayaƙi. Zai so abin, amma na san zai yi faɗa da ya ga yadda wasu ke barin ruwa na malala tun safe don ba sa sayen mai, alhali rijiyar ƙasa ɗaya muke sha duka. Zai yi dariya in ya ga waɗanda suka raina takin dabbobi suna bin gidaje da garken shanu suna nemansa tun da buhun taki ya fi ƙarfin talaka. Zai yi baƙin ciki in ya ji akwai mutanensa na wajen Rabah da Goronyo da rashin tsaro ya hana su zuwa gonakinsu na nesa, wasu ma sun bar garuruwansu. A bara biyu daga cikinsu sun zo wurina, suna noman aro a kusa da mu, abin da suka fara tambaya shi ne ko irin yana nan. Na ce yana nan, na auna musu.

Ni kuma ban zama waliyyi ba. Har gobe ina sayar da magani, da shi nake ciyar da iyalina, kuma akwai ranar da in ba a yi feshi ba tsutsa za ta cinye wa mutum gona. Abin da ya canza shi ne bakina. Duk wanda ya zo saye sai na tambaye shi me zai fesa wa, ya yi fure ko bai yi ba, da wane lokaci zai shiga. Wasu na jin haushi su tafi shagon gaba. Amma a layin gonarmu yanzu mutum biyar ke fid da irinsu da kansu, kuma in sanyi ya tsaya za ka ga kasake a gonaki uku. Ɗanjumma ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa fawa, su kuma sun fara cewa sai an yi layi. Gaskiya ina jin daɗin rayuwata a yanzu. Gwiwa ta fara ciwo, shi ya sa bana na miƙa gonar iri ga babban ɗana Nasiru, wanda ya karanta aikin gona, yana da mata da 'ya'ya uku, yana kuma da ra'ayoyi cike da waya.

Da na yi niyyar rubuta wannan waiwaye sai na ga bai dace Hassi ta ji gaskiyar maganar feshin nan daga bakin wani da ya karanta jarida ba. Shekara goma sha ɗaya da wani abu tana zaune da labarin zafin da ya sauko da wuri. Ranar Juma'ar da ta wuce na saya mata goro na je. Na same ta tana tsince wake a faifai, ta tsufa amma idon nan na nan. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa mata duka, tun daga kifar da kasake har feshi uku. Na ce ta yafe mini, ta kuma roƙa mini gafarar mijinta a cikin addu'arta. Ba ta ko ɗaga kai daga faifan ba.

"To mi? Kai kaɗai kaka tsammani ka iya wauta gidanga? Shi ma ya yi."

Na ce wa?

"Yayanka mana. Shekarad da anka kawo ni, kana kurmi. Lokacin injin heshi ya shigo sabo, ya aro ɗaya ya heshe huren Baba tas, ya saida albasa duka awa kai. Kwana ukku ba ya cin tuwo. Inna ta hid da kwando daga ɗakinta."

Inna mahaifiyarmu ke nan. Hassi ta ce a ranar Inna ta kira ta ta nuna mata yadda ake zaɓa da yadda ake shimfiɗa rairayi, ta ce mata mazan gidan nan kowa sai ya yi tasa sau ɗaya kafin ya yi hankali, don haka kada ta yarda bazara ta wuce ba ta cika kwando ba, kuma kada ta yi musu da su. Tun daga nan ba ta taɓa fashi ba. In sanyi ya shigo aka dasa gonar iri lafiya, sai ta yanka su a miya. Ta ce na sha miyar nan ba adadi ban taɓa tambaya ba.

Shekara goma sha biyu ina ɗauke da Yaya a kaina a matsayin mutumin da aka haifa da sani, ni kuma wawan da ya kusa ɓata masa aiki. Ashe duk Juma'ar nan da yake barina in karanta masa kwalba har ƙarshe, kansa yake saurare. Ban ji ya ragu a idona ba ko kaɗan, sai ma na ji ya matso kusa da ni fiye da lokacin da yake raye, kuma kewarsa ta kama ni sabuwa fil. Kabarinsa ya baje, rigunansa an ba da su tun ranar uku, hotonsa ɗaya ne a gidan, na katin zaɓe, shi ma ya koɗe. Abin da ya rage nasa shi ne albasar nan ja da ake shukawa a gonakin mutanen da wasunsu ba su taɓa ganinsa ba, da darasin da ya saya da tsada ya yi ta ƙoƙarin ba ni kyauta na ƙi karɓa. Yanzu kuma na san ba shi kaɗai ya riƙe irin ba, akwai mata biyu a bayansa waɗanda ba a taɓa ambaton sunansu a fadama ba. Allah ya jiƙan Yaya Sahabi, ya jiƙan Inna, ya ba Hassi tsawon rai.

Da na tashi tafiya na tambaye ta ina kwandon bana, in gani. Ta ce ba ya wurinta. Tun bazara, da ta ji zan miƙa wa Nasiru gona, ta kira matarsa Zainabu ta zaunar da ita rabin yini a tsakar gida ta koya mata. Na ce ai Nasiru mai ilimi ne, ya san aikin ƙudan zuma fiye da mu duka, ba zai taɓa yin feshi a kan fure ba. Ta tattara wakenta ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ba heshi za shi yi ba," in ji ta. "Wata wauta za shi yi, wadda ni da kai ba mu sani ba. Ka dai bar yarinya ta cika kwandonta."